Kujerar Nijar a Malanbil

Ni na koya wa Siddo ɗaura igiyar takalmi. Da wannan na fara don duk mai shirin zagina ya san inda aka fito tukuna. Ranar da babansa, Gado masunci, ya kawo shi gidanmu daga Tunuga domin ya shiga kolej a Gaya, silifas ne a ƙafarsa, ɗaya shuɗi ɗaya ja, kuma Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Babana, Alhaji Sha'ibu mai kamyo, wato manyan motocin kaya, ya karɓe shi saboda tsohuwar abota, aka shimfiɗa masa katifa a ɗakina. Shekara bakwai muna ɗaki ɗaya, aji ɗaya. Rigunan da suka matse ni yake sawa, littafina yake karantawa in na gama, ni nake gyara masa harshe in ya karya kalma. Wallahi a lokacin ina son sa ƙwarai, don kullum yana bayana.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Maƙwabta suka rufe mana iyaka, mu ma muka tare gadar Malanbil da manyan akwatunan ƙarfe. Kamyon babana ɗaya ya maƙale a Benin da kaya a kai, biyu suka zauna a ƙofar gida har awaki suka mai da ƙarƙashinsu wurin shan inuwa. Mutumin da a da ba a ganinsa a gida sai da magariba ya koma wuni a zaure da rediyo a kunne, yana tsaki shi kaɗai.

Amma mutane ba su daina ƙetarewa ba. Gada ce aka rufe, ba gulbi ba. Mai albasa, mai gari, mai zuwa biki, mai zuwa asibiti, duk suka gangaro bakin ruwa neman kwalekwale. Gado ya rataye komarsa, ya dawo mashigar Gaya yana fito. Kafin wata uku ya ɗaura wa jirginsa inji, kafin wata biyar ya sa an sassaƙa masa na biyu. Shi da a da yake kawo mana busasshen kifi yana sunkuyar da kai, yanzu buhun shinkafa yake aiko mana, Inna tana godiya har da addu'a. Siddo ya yi sabon takalmi, irin wanda na daɗe ina kallo a kasuwa, kuma ya ɗaure igiyarsa daidai yadda na koya masa. Duk wannan na haɗiye shi, ban ce wa kowa komai ba.

A cikin wannan hali ne malaminmu na Faransanci, Mushe Alassan, ya shigo ajin ƙarshe da takarda a hannu. Wata ƙungiyar malamai ta garuruwan iyaka uku, Gaya da Malanbil ta Benin da Kamba ta Najeriya, ta shirya muhawarar ɗalibai. Batun shi ne ko ya kamata a buɗe iyakoki, kowa ya tafi inda yake so, ya zauna inda ya ga dama. A Malanbil za a yi. Kowace ƙasa mutum ɗaya zai zauna kujerarta, wanda ya ci kuma za a kai shi Lome ya kara da ɗaliban ƙasashe da yawa. A Gaya, lisenmu, wato babbar sakandarenmu, aka ba kujerar Nijar.

Ban ko ɗaga ido na duba wani ba, don na san tawa ce. Tun daga kolej ni ke zuwa na ɗaya a Faransanci. Kwana goma na yi ina haɗa hujjoji: shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta Afirka ta Yamma, lambar kowane sashe nata, yawan ƴan ci-rani, maganganun masana. Ranar gwaji na tsaya gaban tablo, allon ajinmu, na zuba su tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ban yi ba. Aka tafa mini tafi na ladabi.

Siddo ya tashi da ƴar takarda guda wadda ko kallonta bai yi ba. Ya fara ba da labarin wata tsohuwa da ta shigo jirgin babansa da tunkiya, tana rantsuwa tunkiyar ta fi ta takardu. Aji ya fashe da dariya. Sau uku na ji ya karya Faransanci, na ƙirga su da yatsuna a ƙarƙashin tebur, amma ba wanda ya kula sai ni. Da ya gama, ƴan bayan aji, waɗanda ko darakta ne ke magana ba sa ɗaga kai daga waya, suka yi ta dukan tebur. Bibata, wadda shekara biyu kayena, littafin da nake kwafar darasi, take ara, ta juya ta dube shi irin duban da ban taɓa samu ba.

Mushe Alassan ya ce Siddo ne zai zauna kujerar Nijar, ni kuma na ko-ta-kwana. Na bi shi har wurin babur ɗinsa bayan an tashi.

"Mushe, kuskure uku ya yi. Na ƙirga."

"Huɗu ne, Halidu, ɗaya ya wuce ka," ya ce yana tayar da babur. "Kai ka san littafi, ba wanda ya musa. Amma in kana magana mutane suna jiran ka gama. In shi yana magana ba su so ya gama."

Na koma gida na tarar Siddo yana gaya wa Inna, tana guɗa ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji daga zaure. Ya dube ni da fara'arsa ya ce sai na taimake shi da shekarun nan da lambobin nan, shi ba sa zama masa a ka. Na ce to. A raina kuwa na ce, ashe har guntun abin da ya rage mini ma yana so.

Hassada ce, ba sai wani ya sa mata suna ba. Na san ita ce tun a lokacin. In na ji dariyarsa a tsakar gida sai abinci ya fita raina. In ya tsaya gaban madubin ɗakinmu yana gwada magana, sai na ɗauki littafi na fita. Na yi ta karanta takardar ƙa'idojin muhawarar, wai don in taimake shi, har idona ya faɗa kan layi na huɗu: mai magana ya kasance ɗalibin ajin ƙarshe, haifaffen ƙasar da zai wakilta. Na ɗauki bik na ja layi a ƙarƙashin kalmar haifaffe har takardar ta kusa hujewa.

Ga abin da na sani. A wajenmu, in mace ta ɗauki cikin fari, ba a gidan miji take haihuwa ba. In cikin ya tsufa sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, sannan a dawo da ita da jariri. Aisata, innar Siddo, ƴar Malanbil ce, kuma Siddo ne ɗanta na fari. A can aka haife shi. Takardar da ya shiga makaranta da ita ta ce Tunuga, don daga baya aka yi masa ita, amma ta ainihi tana wurin kakarsa a ƙetare. Shi da bakinsa ya gaya mini wannan tun shekararmu ta farko, muna kwance da rana muna cin gyaɗa, yana dariya wai shi ƙasashe biyu ke rigima a kansa.

Daraktanmu mutum ne mai tsoro. Tun da aka rufe gada, in aka ambaci Benin a gabansa sai ya waiga ya ga ko akwai mai ji. Kafin ya yarda da tafiyar nan ma sai da Mushe Alassan ya yi ta zarya. Na shiga ofishinsa ranar Laraba, na ajiye takardar a gabansa, na sa yatsa a kan layin.

"Ni dai don makaranta na zo," na ce. "Kada a je can wani ya tone, a ce mun aika ɗan Benin ya yi magana da sunan Nijar, a irin wannan lokaci."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce da kunnena na ji. Bai ko nemi ganin wata takarda ba. Ya ɗauki jan bik ya soke sunan Siddo, ya rubuta nawa a sama, yana cewa Allah ya yi mini albarka da na cece shi daga fitina. Na fito ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na sayi lemo mai sanyi a bakin ƙofa na sha ni kaɗai.

Mushe Alassan ya yi faɗa da darakta har ana jiyo muryarsa daga aji, amma bai yi nasara ba. Da ya dawo ya dube ni sau ɗaya, bai sake dubana ba ranar. Siddo kuwa bai tambayi kowa wa ya kai maganar ba. Da muka koma gida ya ninke farar rigar da aka ɗinka masa don ranar, ya sa a ƙasan akwati. Na jira ya zage ni, na ma tanadi amsa. Sai ya ce, "Baba ya ce ni zan riƙe inji ranar Asabar, in ƙetar da ku. Ku zo da wuri, kamin mashiga ta cika."

Ranar Asabar da safe na fito cikin rigata mai dogon hannu, na shiga madafa in sha koko. Inna tana tuyar ƙosai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ina Siddo da farar rigarsa. Na ce ƙa'ida ce ta hana shi, ba a nan aka haife shi ba, kuma doka doka ce.

"Wa ya hwaɗa musu?"

Na ci gaba da hura koko. Ta ajiye matsamin ƙosai a hankali, ta goge hannu da zane. Inna Hajjo ba ta da yawan magana, amma in ta ajiye abin da ke hannunta to ka shirya.

"Halidu, kai ɗana na nawa ne?"

"Na fari."

"Ni ɗiyar ina ce?"

"Kamba."

"To ina kake tsammanin anka haihe ka? Bisa bayan kamyon ubanka?"

Na sauke kofin daga bakina. Na ce ai takardata ta ce Gaya.

"Takarda!" ta ce. "Ubanka ya san kowa a wancan lokaci, kamin in gama wanka ya yi maka ta Gaya. A ɗakin innata anka yanke maka cibiya, tana nan bizne ƙarƙashin magaryar da kake hawa duk sallah. Kai ba ka taɓa tambayar abin da ya sa tsohuwa take ce maka ɗan ɗakina ba? Duk ɗan fari na bakin gulbin ga, je ka tambaya, rabinsu a ƙetare anka haihe su. Wanga abu kai kaɗai ne ba ka sani ba, mai ilimi."

Ta juya ta ci gaba da tuya, ƙosan ya riga ya ƙone gefe ɗaya. Na so in ce ƙarya ne, amma na tuna magaryar, na tuna yadda kakata take shafa kaina. Na ajiye kofin na fita ban yi mata sallama ba, ita ma ba ta ce a dawo lafiya ba.

Mashiga ta cika duk da sammakon da muka yi. Buhunan albasa jibge a kan yashi, ana ɗora babura biyu a jirgi ɗaya, masu dako suna ihu da Dandanci da Hausa. Siddo yana bayan jirgin babansa, wando naɗe zuwa gwiwa, tsohuwar rigata a jikinsa. Ya miƙo hannu ya taimaki Mushe Alassan ya shiga, sannan ya miƙo mini. Na kama don ba yadda zan yi, takalmina ba na ruwa ba ne. Kusa da ni wata yarinya ce da tsohon ciki da gwaggonta da ƙullin kaya, ba sai an gaya mini inda za su ba. Na kau da kai na dubi gadar can nesa, ba kowa a kanta sai akwatunan ƙarfen nan.

A wani babban zaure na matasa aka shirya abin. Tebur dogo, kujeru uku, kowace da ƴar tuta a gabanta. Ɗalibai sun cika benci, ƴan Kamba sun biyo ruwa tun jiya. Na hango kujerar Nijar sai zuciyata ta ɗan dawo daidai. Na ce a raina, ko a ina aka binne cibiyata, ba wanda ya sani a nan.

Sai muka tarar da malamin Malanbil, Mushe Zakariya'u, yana safa da marwa a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga. Yarinyar da za ta yi musu magana zazzaɓi ya kayar da ita, tana asibiti ana ƙara mata ruwa, na ko-ta-kwanansu kuma da ya ga taro ya sulale ba a san inda ya shiga ba. Mushe Alassan ya jajanta masa, ya ce shi ma da nasa ciwon, gwaninsa yana can bakin ruwa yana gadin jirgi, an hana shi don a Malanbil aka haife shi.

Mushe Zakariya'u ya tsaya cak. "A Malanbil? Ɗan wa?"

"Ɗan wata Aisata, da ta auri masunci a Tunuga."

"Aisata ta tsohuwa Madina mai suyar kifi? Ai bayan gidanmu suke! Ina takardar ƙa'ida?"

Takardata aka karɓa, don ni kaɗai na zo da ita. Suka sunkuya su biyu a kan layin da na ja da hannuna. Ɗalibin ajin ƙarshe, haifaffen ƙasar da zai wakilta. Ba inda aka ce sai a ƙasar yake karatu. Alƙalan uku suka karanta, na Najeriya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi bai ga abin hanawa ba in akwai shaida. Aka tura ɗan kabu-kabu gidan tsohuwa, aka tura wani bakin ruwa. Ina tsaye ina kallo kamar wanda aka dasa.

Tsohuwa Madina ba ta yarda ta ba kowa takardar ba, da kanta ta zo a bayan babur, tana ƙanshin man kifi. Ta kwance leda, ta kwance tsumma, ta fito da takarda da ta yi ja don tsufa, ga hatimin Malanbil a jiki. Siddo ya shigo ƙafarsa da laka, yana cewa shi fa bai shirya ba, ko riga ba shi da ita. Mushe Zakariya'u ya cire kwat ɗinsa ya ɗora masa. Haka ya zauna kujerar Benin, hannun riga ya rufe masa yatsu, ni ina kujerar Nijar, tsakaninmu kamu ɗaya.

Kaltuma, yarinyar Kamba, ita ta fara, da Turancin Ingilishi, tafinta yana juyawa. Ba ta zo da wasa ba. Ta ce ƙofar da aka bari buɗe ba baƙon kirki kaɗai ke shigowa ba, ta kawo zancen ƴan bindiga da ɓarayin shanu, ta ce a buɗe amma a san mai shiga da mai fita. Sai ni. Na tashi na zuba shekaruna da lambobina, ban manta ko ɗaya ba. Amma da na zo inda na rubuta cewa ba wanda ya zaɓi inda za a haife shi, don haka bai kamata a hukunta mutum da wurin haihuwarsa ba, sai na yi tuntuɓe. Na ga Mushe Alassan ya sunkuyar da kai. Na ƙarasa da sauri na zauna, aka yi mini irin tafin nan na ladabi da na sani.

Siddo ya tashi ya naɗe hannun kwat. Ya fara da Faransanci, ya ce shi ya kamata ya fi kowa son a bar iyaka a rufe, don rufe gada ne ya saya wa babansa inji, ya saya masa takalmi. Aka yi dariya. Ya ce maganar Kaltuma gaskiya ce, su ma masu jirgi akwai fuskar da in suka gani ba sa ɗauka, amma su sun san fuskokin ne don kullum suna ganin masu wucewa, wanda ya rufe ƙofa kuwa ba ya ganin kowa. Daga nan, ban san lokacin da ya zame ba, sai na ji shi cikin Hausa, yana tsoma Dandanci. Ba wanda ya hana shi. Tafinta ya duba hagu da dama, ya ga ƴan Kamba da ƴan Malanbil da namu duk suna ji, ya nemi benci ya zauna.

"Tun da anka rufe gada," in ji Siddo, "mata goma sha ɗaya mu ka ƙetar masu zuwa goyon ciki. Ba fatauci za su ba, ba gudun ƙasa suke ba, wurin uwayensu za su. Guda a cikinsu ba ta kai ba. Tsakiyar ruwa ta durƙusa, Baba ya kashe inji, mata sunka kewaye ta da zannuwa, mu maza munka juya baya muna kallon ruwa. Ɗiya mace ta samu. To ku alƙalai, ku da kunka yi karatu, in yarinyar ga ta girma ta zo wagga muhawara, wace kujera za ku ba ta?"

Zauren ya ɓarke da tafi. Har tsohuwa Madina, da ba ta san kan zancen ba, ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina zaune ina jin kowane tafi kamar a kumatuna ake yin sa. Abin da ya fi ci mini rai, labarin nan a ɗakinmu ya fara ba ni shi watanni biyu da suka wuce, na ce masa ya bar ni in yi karatu.

Saura tambayoyi. Kowane mai magana zai yi wa ɗan'uwansa tambaya ɗaya. Kaltuma ta tambayi Siddo, ya amsa. Sai aka ce Benin ta tambayi Nijar. Ya juyo ya dube ni, ya ɗan jima yana dubana, sai jikina ya ba ni cewa ya sani. Kalma biyar kawai yake bukata, a ina aka haife ka, ga ƴan Kamba cike da benci, cikinsu ba a rasa wanda ya san gidan kakata. In na ce Gaya na yi ƙarya a gaban jama'a, in na ce Kamba in tashi daga kujerar da na yi wa wannan aika-aika.

"Abokina na Nijar," ya ce da Faransanci, a hankali, ba kuskure ko ɗaya, "ni shekaru ba sa zama mini a ka. Ka tuna mana, a wace shekara aka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga, kuma me ta ce?"

Na amsa. Me zan yi? Na faɗi shekarar, na faɗi sassan ɗaya bayan ɗaya, alƙalai suna gyaɗa kai suna rubutu. Wannan amsar ce ta ba ni na biyu a kan Kaltuma, da maki ɗaya. Siddo ya zo na ɗaya. Aka ɗaga hannunsa da tutar Benin, ƴan Malanbil suka ɗauke shi a kafaɗa, shi za a kai Lome. Mushe Alassan ya rungume shi yana dariya yana share ido, ya ce wa Mushe Zakariya'u, "Mu munka yi noma, ku kunka girbe."

Da la'asar muka koma bakin ruwa. Siddo ya mayar da kwat ɗin mutane, ya naɗe wando, ya koma bayan inji kamar ba abin da ya faru. Mushe Alassan ya zauna can gaba. Ni na zauna kusa da inji, wai don a can ne ruwa ba ya fantsama. Sai da muka kai tsakiyar gulbi, inda ba mai jinmu saboda ƙara, na ce masa, "Ka sani?"

"Mi?"

"Kamba."

Ya kauce wa wani jirgin albasa tukuna. "Tun shekarar da na zo gidanku. Innarka da innata, in sun zauna ba su da zance sai na haihuwar fari."

"Ka kuma san ni na je wurin darakta."

"Wa na gaya wa in ba kai ba?"

"To me ya hana ka tambaye ni a can? Da ka gama da ni."

Ya dube ni da mamaki na gaske, ba na izgili ba, wanda da izgili ne da na fi samun sauƙi. "In kunyata ka gaban ƴan Kamba, in koma in ci tuwon Inna Hajjo da wane baki? Shekara bakwai ina kwana ɗakinka, Halidu." Ya rage wuta don mun kusa gaɓa. "Kuma Lome sai ka taimake ni da shekarun nan. Can ba su jin Dandanci."

Na so in ce ya yafe mini. Kalmar ta zo har bakina. Amma da na dube shi, ƙafa cikin ruwan jirgi, tsohuwar rigata a jikinsa, hankalinsa kwance kamar bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba, sai na ji hassadar nan ta sake taso mini, ta fi ta ranar gwaji zafi. Magana ya fi ni, na yarda. Takalmi da inji, wannan na lokaci ne. Amma wannan halin ban san inda ake koyonsa ba, kuma ba ni na koya masa ba.

Jirgi ya daki yashin Gaya. Ya diro ya riƙe shi, ya miƙo mini hannu don kada takalmina ya jiƙe. Na ƙi kamawa, na yi tsalle da kaina, na faɗa ruwa har gwiwa.